Ƙullin Hagu

Coci na tara ke nan da Inna ta leƙa a bana, tana duban fuskokin 'yan mata. A bakin ƙofa mai shara ta miƙo mata ƙaramin gicciye: tsinke biyu, an naɗe su da jan zare. Inna ta juya bayansa, sai ta tsaya cak. Ƙullin ya tafi hagu.

Shekara arba'in tana naɗa irin wannan gicciye, kowane zagaye da addu'arsa, ta kuma koya wa mata da yawa. Mutum ɗaya ce ta ƙi ƙullawa dama duk da ranƙwashi: autarta, bahaguwa, wadda uban ya kora shekara bakwai da suka wuce da ta yi ciki. Ya rantse ba shi da 'ya. Sunanta ma ya hana a kira a gidan.

Asibiti, tasha, gidajen dangi, babu inda Inna ba ta taka ba. Ta yi azumi har zane ya daina zama a ƙugunta. Shi kuwa Maigida, ya karya kumallo ya fice, ya dawo da tsumma a yatsa ya ce ƙofa ce ta datse shi. Ko zarenta da ke raguwa a kwando, ɓera ta ɗora wa laifin.

Inna ta cafke hannun mai shara. "Wa ya ba ki wannan?"

"Kai, Inna, sakar min hannu, ba sato shi na yi ba! An ce in raba kyauta. Duk macen da ta juya bayansa ta tsaya cak, in kai ta wurin da ake yin su."

Ashe yarinyar na da rai, in ji Inna a ranta. Ashe nemanta take yi, kunya ce ta hana ta zuwa.

Inna ta bi mai shara, takalmi ɗaya ya tsinke, ta bar shi a hanya. Suka ratsa bayan shagon kafinta, suka iso wani ɗan ɗaki, ƙofarsa a saye.

"Ya Yesu," in ji Inna, "ko a wane hali take, na karɓa."

Ta tura ƙofar.

A kan benci, gaban wani tsohon gicciyen yarinyar da ya koɗe, Maigida ne zaune da jan zare a haƙori yana ƙullawa hagu, ya ɗago da sauri, bai ko duba wace ce ba, ya kira sunan da ya hana a kira.