Bindigar Lungelo Ba Ta Tashi Ba

"To wai wa ya cire harsasan?"

Nosakhele ta ji tambayar ta bayan labule, daga bakin Mthobeli, yayan mijinta. Tana zaune kan katifar da aka shimfiɗa mata a ƙasa, lulluɓe da bargo, fuskarta na kallon bango, yadda ake zaunar da duk matar da ta rasa miji. Ba a son ta yi magana. Dama can ita ba mai magana ba ce.

Mijin nata, Lungelo, kabeji yake kaiwa kasuwar Mthatha a a-kori-kura. Ranar Talata da hantsi ɓarayin mota suka tare shi a bakin gada. Ya zaro bindigarsa daga ƙarƙashin kujera, ya danna. Ba ta tashi ba. Tasu ta tashi.

Tun ranar masu zuwa gaisuwa ba su da wani zance.

"Bindiga ba harsashi, ai gara ka riƙe muciya," in ji wani tsoho.

"Haba Baba," in ji matar fasto. "Da babu ita sam, da ya miƙa musu makulli ya dawo gida a ƙafa."

"Ke Mama, da ko keke ba ki da shi, wa zai tare ki?" in ji tsohon.

Aka ɗan dara, sai aka tuna inda ake.

"Ƙanena bai taɓa fita da ita wayam ba," Mthobeli ya ce. "Har a majalisa yana faɗa, duk namijin da ya ajiye bindiga ba harsashi gara ya ɗaura zani. Wani ne ya taɓa ta. Wa ke wanke motar nan duk Asabar?"

Kowa ya juyo wajen labulen. Ta cikin bargon ma sai da ta ji idanunsu.

Ita ke wankewa, gaskiya ne. Amma ko tsumma ba ta taɓa kaiwa ƙarƙashin kujerar nan ba.

Shekara guda ke nan da kawo ta gidan. A waje muryar Lungelo har ƙetaren kwari ake jin ta. A gida kuwa sai ya ci dafaffen masara da wake ya tashi bai ce mata ko sannu ba. Ta taga ta san shi. Ta san yadda yake ɗaure lodin kabeji da wani ƙulli mai kunne biyu wanda duk garin ba mai iya yi ko kwancewa sai shi. Ta lura lokacin da ya daina sa takalminsa na coci, wai yana matse shi. Abin da ke ransa ne ba ta sani ba.

Sau ɗaya ta taɓa roƙonsa wani abu. Suna dawowa daga asibiti ranar da aka ce mata tana da ciki, ya taka birki, bindigar ta zamo daga ƙarƙashin kujera ta taɓa mata dunduniya. Sanyin ƙarfen ya hau har wuyanta.

"Maigida," ta ce, idonta a ƙasa, "ina tsoron abin nan. Yanzu mu biyu ne a kujerar."

Bai ko waiwayo ba. Ya ƙara muryar rediyo.

Da yammar ranar baƙin ɗankwalinta da ta shanya a kan shinge ya ɓace, surukarta ta yi ta faɗa: "Yau ɗankwali, gobe sai ki yar mini da jika a hanya!" Lungelo na zaune yana ji. Daga nan ta saka wa ranta cewa maganarta ba ta isa kunnensa, ta daina gwadawa.

Yanzu surukar ce ta ɗaga labule ta tsuguna kusa da kunnenta.

"Bayan an binne shi za a zauna. In da hannunki, kin san hanyar gidanku. Abin da ke cikin nan kuwa namu ne."

Aka binne shi ranar Asabar. Baƙi suka watse, aka kwashe kujeru, tsakar gida ta yi faɗi. Motar, da ɓarayin suka gudu suka bari, na can gefen garke ba mai kallonta.

Kafin a raba wa dangi kayan mamaci sai an wanke su a rafi, kuma matarsa ce ke tattarawa. Aka bar ta ita kaɗai a ɗakin. Ta ninke rigunan aikinsa masu warin kabeji da mai. Ta jawo takalmin cocin daga ƙarƙashin gado, sai ta ji ɗaya ya fi ɗaya nauyi.

Ta zura hannu. Baƙin ɗankwalinta ne a dunƙule, ƙura ta lulluɓe shi. Ba sai ta buɗe ba. Yatsunta sun ji harsasan ta cikin ƙyallen, ƙanana, masu sanyi, suna gogar juna.

Duk wanda ya ga wannan, ta gama yawo.

"Amarya!" Mthobeli ya kira daga ƙofa. "Kin ga wani abu a ciki?"

"A'a, Yaya."

Ta cusa ƙunshin cikin zaninta, daidai kan cikin. Gobe a rafi akwai gurbi mai zurfi bayan duwatsu. Ba za ta gaya wa kowa ba, ko ɗan da za ta haifa. Sai da takun Mthobeli ya yi nisa ta sake shafa ɗaurin da babban yatsanta, a hankali, kamar mai sauraron amsar da ta makara: ƙulli ne mai kunne biyu.