Kiran Ƙarfe Goma

Da ƙarfe goma saura kwata na safe Alƙali yake daina iya haɗiye shayi. Zuciya ta shiga dukan ƙirji kamar wadda aka kulle a ɗaki. Sai ya ture kofin gefe, ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur, ya zuba mata ido irin yadda ya saba zuba wa wanda ake tuhuma.

Goma daidai sai ta yi ƙara. Lamba a ɓoye. Ya yi sallama, shiru. Ya ce wane ne, shiru. Sai wani dogon numfashi da ake saukewa a hankali, daga nan a kashe. Wata bakwai ke nan ana haka, ba fashi ko ranar hutu.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana yanke hukunci kafin ya yi ritaya. Har yanzu Alƙali ake ce masa, ko da yake ikonsa ya tsaya a kan kyanwar maƙwabta, ita ma ba kullum take bin umarni ba. Wanda ya yi irin wannan aiki ba ya rasa masu tunawa da shi. Wata rana ya ɗauki biro ya fara jera waɗanda ya aika gidan yari kuma ya kamata a ce sun fito. Ya tsaya a na arba'in, ba don sun ƙare ba.

Ya sauya kwaɗon ƙofar gida. Ya daina zama a bencin da tsofaffin abokan aiki suke hira da yamma, ya ce musu gwiwa ce. Ya ƙara huji biyu a bel ɗinsa. Layi ɗaya na jarida sai ya karanta sau huɗu bai san abin da aka ce ba. Cikinsa, wanda a da ba ya gardama da komai, ya koma ɗaukaka ƙara a kan kowace loma.

Ba shi da wanda zai gaya wa. Gidan ɗaki huɗu ne, ya rufe uku tun rasuwar matarsa. 'Ya'yansa maza biyu suna nesa, kuma sun iya tambayar "Baba, lafiya dai ko?" ta yadda amsa ɗaya ce kawai za ta shiga. Auta kuwa tana can ɗaya gefen gari, amma bara, da jiri ya ɗebe shi yana tuƙi, ta ɓoye masa makullin mota. A ranar ya yanke mata hukunci cewa kada ya ƙara jin muryarta. Bai bar ƙofar roƙo ba, ita ma ba ta nema ba. 'Yarsa ce.

Da ƙirji ya matsa masa, ya kai kansa asibiti. Likitar yarinya ce, sa'ar Auta. Ta auna abin aunawa, ta duba takardu.

"Baba, zuciyarka ta fi tawa lafiya."

"To mu yi musaya."

"Fargaba ce. Ita ke hana ka ci, ita ke kama maka ƙirji."

"Shekara nawa kika yi a makaranta kafin ki gano tsoro nake ji? Da kin tambaye ni tun daga ƙofa."

Ta yi dariya, ta ce ai ga shi ta tambaya yanzu. Sai ya ba ta labarin kiran. Ita ce mutum ta farko da ya gaya wa.

"Mai kiran nan me yake samu a wurinka? Ka ɗauka, ya ji ka, shi ke nan. To hana shi. Gobe kada ka taɓa wayar."

"In ya zo da kansa fa?"

"Wata bakwai bai zo ba, Baba. Rago ne."

Washegari ya zauna a gaban tebur, ya danne hannuwansa a ƙarƙashin cinya. Goma ta yi. Wayar ta yi ta kuka har ta gaji. Ya fara sakin kafaɗa ke nan ta sake yin ƙara. Ba a taɓa kira sau biyu ba.

Sau uku. Sau bakwai. A kira na goma sha ɗaya ya lura cewa ƙarar tana fitowa daga cikin haƙoransa. Daga nan ta yi shiru, kuma shirun ya fi.

Minti arba'in yana zaune bai motsa ba. Sai ya ji birkin mota a ƙofar gida, da ƙarar murfin motar da aka buga da ƙarfi. Aka fara dukan ƙofa, ba da yatsa ba, da hannu biyu.

Likita ta yi kuskure, ya ce a ransa, kuma ya yi mamakin yadda hakan bai yi masa daɗi ba. Ya ɗauki sandarsa. Tsakar gidan taku goma sha biyu ce, ya yi ta kamar mai hawa dutse. Ko ba komai yau zai ga fuska. Ya zare kwaɗon, ya ja ƙofar.

Auta ce tsaye, katin ofis a wuya, takalmi ƙafa ɗaya, waya a hannu. Ta dube shi daga kai har ƙafa, ta dafa bango.

"Baba," ta ce, "me ya hana ka ɗauka yau?"