Wuƙar Da Alƙali Ya Nema

"Da wuƙa ya yo kaina, ya mai shari'a," in ji mai kitson layinmu, tana kuka. "Shi ne na rafka masa taɓarya."

Mijin nata dai bai sake tashi ba.

Lauyanta ya ce doka ta yarda mutum ya kare ransa in aka zo kashe shi. Alƙali ya ce, "To, ina wuƙar?" 'Yan sanda sun birkice ɗakin kaf, ba su ga komai ba. Aka yanke mata shekara ashirin.

Ni kuwa da ko tari aka yi a maƙwabta sai na leƙa, ni na fara shiga gidan ranar da abin ya faru. Na tarar da mijin kwance, riƙe da wuƙata mai jan mariƙi, wadda ya ara tun bara ya hana ni. Na zare abata, na je na wanke tas.

Daga baya na kai wa lauyan. Ya ce, "Haba Iya, duk layin nan wa ke yarda da zancenki?"

Har yau da ita nake yanka albasa. Jikokina sun ɗauka albasar ce ke sa ni hawaye.