Jan Gargaɗin da Gajere Ya Kashe

Shekara uku Habibullahi ya yi yana ɗaukar hoton takardun mahaifinsa yana zubawa a kwamfuta. Marigayi Malam Uthman na Dudunni ya bar gafaka huɗu cike da rubutun hannunsa: waƙoƙin wa'azi da ya tsara da ajami, da amsoshin da ya ba mutane kan rabon gado da iyakar gona, da sunayen malaman da ya durƙusa a gabansu. Gara ta ci gefen wasu, damina ta jiƙa wasu. In ka ɗaga shafi sai ya marmashe a hannunka.

Da ya gama, sai ya yi abin da gidan malamai suka saba yi da tsohuwar takarda mai ɗauke da sunan Allah. Ya naɗe su a farin ƙyalle, ya haƙa rami a bayan makarantar gidansu inda ƙafa ba ta takawa. Yayarsa Maimunatu ta tare shi.

"Habibu, ka bar mana ko gafaka ɗaya. Hannun Baba ne fa."

"Yaya, in bari gara ta ƙarasa su? Duk suna cikin kwamfuta, ko ɗigo bai ɓace ba."

Ya binne su duka.

Kwamfutar nan kuwa tsohuwar laftof ce, ta girmi 'yarsa ta fari. Kullum sai ya ce gobe zai sayi filashi, ɗan abin nan na ajiye fayil, ya kwafe aikin, goben ba ta taɓa zuwa ba. Bayan damina laftof ta fara ƙin caji, tana mutuwa ana tsakar aiki. Ya saka ta a jaka ya hau mota sai Kankiya.

A bakin titi akwai rumfar wani Gajere, mai gyaran waya da tura waƙoƙi. A allonsa an rubuta Injiniya da manyan baƙaƙe. Wanda ya ba shi injiniyancin, Allah kaɗai ya sani.

Gajere ya danna nan ya danna can, ya ce, "Bayos ɗinta ne ya tsufa, Malam. Wata manhaja ce can ciki, ita ke tada kwamfuta kafin komi. Sabunta ta za mu yi."

Bai nemi shafin kamfanin da ya ƙera ta ba, bai ko duba lambarta ba. Abin da ya fara cin karo da shi a intanet shi ya sauke. Yana dannawa sai wani jan rubutu ya fito: antibairos, mai tsaron kwamfutar, ya tare fayil ɗin, ya ce akwai cuta a cikinsa.

Habibullahi ya leƙa. "Mi wanga jan rubutu ke faɗi?"

"Surutu ne kawai. Ya cika tsoro."

Sau uku Gajere yana gwadawa, sau uku jan rubutun yana dawowa. Habibullahi ya matso kusa.

"Akwai amana a ciki. Mu kwafe tukuna mana."

"Haba Malam, kwafewa sai ta ci mana awa biyu. Ka ga jama'a na jira. Kai dai ka bar ma mai aiki aikinshi."

Masu zaman benci suka yi dariya. Nan kunya ta kama Habibullahi. Mutumin da ke tsayawa gaban ɗalibai sittin bai so a ce malamin ƙauye yana gardama kan abin da bai sani ba. Ya ja da baya ya bar masa ita. Gajere ya kashe antibairos, ya danna.

Allon ya yi fari, ya yi baƙi. Kwamfutar ta shiga mutuwa tana tashi da kanta, babu fayil ɗin da ke buɗuwa.

"Bar mani ita, jibi ka dawo," in ji Gajere.

Da ya dawo, Gajere ya tarbe shi da fara'a. "Ga ta nan tana gudu kamar sabuwa. Ashe bairos ne ya shiga, sai na yi mata fomatin."

"Mi ke nan?"

"Na wanke ta tas, na zuba sabon komi."

Habibullahi ya buɗe. Wayam. "Takardun Baba fa?"

Gajere ya ɗaga kafaɗa. "Wai ba ka da su a filashi? Ai kowa na ajewa."

Habibullahi ya kai ta Katsina wurin wanda ya san aikin da gaske. Mako guda mutumin yana fama, hoto bakwai ya iya cetowa, su ma rabi-rabi. Ya ce abin da aka sauke ba na kamfanin ba ne, na jabu ne, kuma antibairos gaskiya ya faɗa. Sannan ya ƙara da maganar da ta fi komai ciwo: bayos lafiyarsa lau, batir ne kawai ya mutu.

Washegari da hantsi Habibullahi ya ɗauki fartanya ya nufi bayan makaranta. Maimunatu ta bi shi. Ya tona, ya tona. Ruɓaɓɓen ƙyalle ya tarar, da baƙar laka, da gara tana ta hidimarta. Maimunatu ta tsuguna ta tsinci wani ɗan guntu da bai kai faɗin farce uku ba, da rabin kalma a jiki. Ta goge shi a hankali, ta ƙulle a bakin mayafinta.

"Wannan dai nawa ne," ta ce. Ta juya ta bar shi a bakin ramin.

Mai karatu, in na'urarka ta yi maka gargaɗi, tsaya ka bincika, kada ka rufe mata baki. Sabunta manhaja daga shafin kamfanin da ya ƙera ta ake yi, kuma kafin kowa ya taɓa maka ita, kwafe abin da ba za ka iya maidowa ba. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce ta cinye aikin rayuwar Malam Uthman.