Hannayen Matan Masaƙa

Ke Lantana, share hawayen nan don Allah. Don an ce ba za a rataya hotunanki a wurin baje koli ba, shi ne har kike maganar sayar da kyamara? Haba, sai ka ce a kanki aka fara. Gyara zama in buga miki misali.

A ƙasar Poland, zamanin da hukuma ce ke gaya wa mai zane abin da zai zana, an yi wata mata masaƙiya, kuma mai ɗaukar hoto. Taurin kanta ba na wasa ba ne. Abokan sana'arta na saƙa furanni da tsuntsaye, ita kuwa igiya da gashin doki take cusawa a saƙarta, har ana raɗe-raɗin ko ta taɓu. A garinsu akwai wata babbar masaƙa inda mata ke wuni tsaye gaban inji, uwarta ma a nan ƙarfinta ya ƙare. Da bikin masaƙar ya matso, sai manya suka ba ta aikin ƙawata bangon zauren taro, suka ce so suke a ga ma'aikata cikin fara'a. Ta shiga da kyamararta, ba ta ɗauki fuskar kowa ba. Hannaye kawai ta bi tana ɗauka: wannan ya kumbura, wancan ya tsattsage, na uwarta inji ya cinye yatsu biyu. Ta wanke hotunan manya-manya ta kai. Shugaban masaƙar ya duba, ya haɗa rai, ya ce wannan cin fuskar hukuma ne. Ya turo mata almakashi, ya ce ta yayyanka su a gabansa in har tana so ta sake taɓa zare a garin. Ba ta roƙe shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta zauna ta yi ta yanka su siri-siri, a tsanake, tana jerawa a cinyarta, shi kuwa gogan ya ɗauka ladabi ne. Da ta gama ta ce, "Tarkacen nan fa, in kwashe?" Ya ce ta kwashe mana, ai shara ce.

Tana isa gida ta ɗaura baƙin zare a tsaye, ta riƙa zura yankakkun hotunan a madadin abawa, wato zaren da ake gittawa, kowane a layinsa, tana raba tsakaninsu da ulu mai kauri. Da saƙar ta kammala ta aika cewa ga abin ƙawata bangon zauren, sai aka turo masu dubawa daga masaƙar. To su mutanen yadi ne, kin san halinsu, ba sa kallon tufa daga nesa. Sai sun matso sun murza da yatsa, sun ja gefe, sun leƙa baya sun ga ƙulli. Ga ɗakin nata ƙunci, ko sun so ja da baya bango zai tare su. Suka ga fari da baƙi da ruwan toka, suka taɓe baki, suka ce shirmen 'yan zamani ne amma ba ya cizo, a rataya. Ranar biki manya suka hau dandamali, saƙar na dab da ƙeyarsu. Ma'aikata kuwa can ƙarshen zaure aka tura su, inda aka saba ajiye su, kuma daga can ne idon mutum ke haɗa layukan su koma hoto. Shugaba na tsakiyar jawabi sai wata tsohuwa ta ce, ba ma da ƙarfi ba, "Wancan hannuna ne." Ta ɗaga shi sama. Ta kusa da ita ta ɗaga nata. Kafin a ankara zaure ya cika da hannaye, ba tafi, ba magana, shugaba sai waige-waige yake yi, shi dai ulu kawai yake gani.

Ba ta kwashe da daɗi ba fa, kada ki zaci ta sha a banza. Washegari aka sauke saƙar, aka garƙame ɗakin aikinta, ta daɗe ba mai ba ta aiki, ta ji jiki ƙwarai. Amma wallahi duk sa'ad da na kawo misalin nan sai in ji raina ya yi fari, don matan nan sun riga sun gani, kuma da yardar masu hanawar aka rataya. Da aka tambaye ta ko ta yi nadama, cewa ta yi nadamarta ɗaya ce, da ma zauren ya fi haka cika.

Ai Hausawa sun gama magana: zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.