Sai Bayan Zaɓe

"Kada ki saya yanzu," in ji Sheriff, yayan Mulikatu. "Kuɗinmu sidi kullum faɗuwa yake, ga zaɓe a gaba. In rikici ya tashi, gidan za ki ɗauka a ka?"

Shekaru Mulikatu tana haya a gidan nan na unguwar Gurugu, tana sayar da shinkafa da wake a ƙofarsa. Da mai gidan ya tashi sayar da shi, ita ya fara yi wa tayi. Amma ta ji maganar Yaya, ta ce sai bayan zaɓe.

Zaɓe ya wuce lafiya. Tana hura wuta da safe sai ga Sheriff da magina, suna auna bangon ɗakinta.

"Ƙanwata, na sayi gidan. Ki kwashe kayanki kafin Juma'a, nan zan riƙa ajiye mota."