Tsohon Kamfaila

"Ki rabu da shi mana, Bahijja. Ya tsufa."

"Yaya Lauratu, da shi na fara komai. Amma wallahi na gaji. Duk abin da na kawo masa sai ya ce bai gane ba."

A zaure Malam Ilu ya sandare da jin haka. Tun daga Zoza ya taho Ƙaraye a babur don ganin budurwarsa Bahijja. Ya shafa furfurar gemunsa, ya ajiye ledar tsire, ya juya.

"Malam, ina za ka?" Bahijja ce ta fito, idanu jajur, kwamfuta a hannu.

"Na ji komai. Tsoho zai koma gida. Allah ya haɗa ki da yaro."

Ta dube shi, ta dubi jan rubutun da ya cika fuskar kwamfutar, sai dariya ta ƙwace mata.

"Kamfaila nake nufi! Shirin da ke fassara wa kwamfuta abin da na rubuta. Sabon laburare, wato kayan haɗa manhaja, da nake sakawa ya ƙi jituwa da tsohon kamfailan, aikina ya tsaya cak."

Ta ɗauki ledar.

"Kamfailan zan cire yau. Kai kuwa, ka turo magabatanka ranar Juma'a."